Ba a fafe gora ranar tafiya: ƙwayar tsarin iyali ba ta ranar girki ba ce

A kusan kowane gari na ƙasar nan akwai wata magana da ke yawo a bakin rijiya, da wurin suna, da majalisar maza bayan la'asar: wai wance tana shan ƙwaya amma ga ta da ciki, saboda haka ƙwayar ƙarya ce. Daga nan sai kowa ya ɗora nasa. Wannan ya ce taruwa take yi a ciki har ta zama ƙari, wancan ya ce tana ƙone mahaifa, wata ta ce ai duk wadda ta sha ta shekara biyu ta yi bankwana da haihuwa. Tambayar da ba a tsayawa a yi ita ce: yaya wance ɗin take shan ta? Ni malamar makaranta ce, kuma na sha yin wannan tambaya a taron uwayen ɗalibai. Amsoshin ba su cika bambanta ba. Tana sha ranar girkinta, sauran kwanakin kishiya ta huta. Ko tana sha idan maigida ya dawo daga bida. Ko kuwa maƙwabciya ce ta ɓallo mata ƙwaya uku daga nata katin, ta ce ta riƙa lallaɓawa da su.

Matar da ta yi haka ba ta yi wauta ba. Da hankalinta ta auna: maganin ciwon kai ana shan sa idan kai ya yi ciwo, to maganin hana ɗaukar ciki me zai sa a sha shi ranar da ba za a kwana da miji ba? Lissafin nata daidai yake ga wanda ba a taɓa yi wa bayani ba. Laifin yana wuyanmu, mu da muka je lakwal, muka iya karanta takardar da ke cikin kwalin magani, muka rufe bakinmu da sunan kunya. Malamai da iyaye masu ilimi mun bar mace da ba ta iya karatu ba ta koyi amfani da magani mai ƙa'ida daga bakin mai tallar magani a tire, sa'annan idan abin ya kwaɓe mu taya jama'a zagin maganin. Wannan shirun nake so in yi faɗa da shi yau, kuma hanyar faɗan ita ce in faɗi abin da ake ƙin faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ƙwayar take yi a jiki

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya a kowane gefe na mahaifa. Kusan kowane wata, wata ƴar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa tana sako sinadarai cikin jini, su je su umarci ma'ajiyar ta nunar da ƙwai ɗaya ta sake shi. Ƙwan nan kwana ɗaya kacal yake yi da rai, ko ma ƙasa da haka. Amma maniyyin namiji yana iya zama a jikin mace har kwana 5 yana jira. Ku riƙe wannan lissafi, domin shi ne zai warware mana batun ranar girki. Idan ƙwai da maniyyi suka haɗu, ciki ya shiga. Idan ba su haɗu ba, shimfiɗar da mahaifa ta yi wa baƙon da bai zo ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada.

Jikin mace da kansa yana da hanyar dakatar da wannan aiki. Mai ciki ba ta sakin wani ƙwai, saboda sinadarai biyu da ake kira estirojin da furojestaron sun yi yawa a jininta, sun sanar da ƙwaƙwalwa cewa a dakata. Masana a Amurka da Meziko suka lura da wannan, suka ƙera makamantan sinadaran, har daga wata doyar daji ta Meziko aka fara samo tushensu da yawa. A 1960 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwaya ta farko, mai suna Enovid. Yau mata wajen miliyan 150 ne ke shan ƙwaya a duniya, kuma sinadarin da ke cikin ta yanzu ya yi ƙasa sosai da na wancan zamani.

Aikinta na farko ke nan: tana hana ma'ajiya sakin ƙwai. Na biyu, tana sa ruwan nan mai yauƙi da ke bakin mahaifa ya yi kauri, yadda maniyyi ba ya samun hanyar wucewa. Tana kuma rage kaurin shimfiɗar mahaifa, shi ya sa jinin al'adar mai shan ta yakan ragu. Ba ta zubar da ciki. Idan ciki ya riga ya shiga, shan ta ba ya fitar da shi, kuma bincike bai nuna tana nakasa abin da ke cikin ba.

To ga inda maganar take. Sinadarin da ke cikin ƙwaya guda ɗan kaɗan ne, hanta tana sarrafa shi, ya fita ta fitsari da bayan gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan gaskiya guda tana kashe ƙarya biyu a lokaci ɗaya. Ta kashe ƙaryar cewa ƙwaya tana taruwa a ciki: abin da yake narkewa kamar gishiri a miya, ya fita washegari, ina ya ga zaman taruwa? Ta kuma kashe tunanin cewa ƙwayar yau tana kare daren yau. Sai an jera kwana 7 ana sha ba fashi kafin ma'ajiyar ƙwai ta yi barci, kuma sai an ci gaba da sha kullum kafin ta ci gaba da barcin. Macen da ke gidan mata biyu ko uku, tana sha kwana biyu ta bar kwana biyu ko huɗu, ba ta taɓa sa ma'ajiyar ta yi barci ba. Ƙwanta yana fita a lokacinsa, maniyyin ranar girkinta yana nan yana jira har kwana 5. Ita tana ganin ta yi rigakafi, alhali kuwa gora take fafewa ranar tafiya.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna wannan bambanci ƙarara. Cikin mata 100 masu shan ƙwaya yadda ya kamata tsawon shekara, wadda za ta ɗauki ciki ba ta kai ko ɗaya ba. Cikin mata 100 masu shan ta yadda mutane suka saba, da mantuwa da jinkirin karɓo sabon kati, kusan 7 ne za su ɗauka. Magani ɗaya ne, hannun da ke ɗaukar sa ne ya bambanta.

Ƙwaya iri biyu ce, kada a gwama su

Akwai mai sinadari biyu, irin Microgynon da ake bayarwa a gidajen likita. Katinta yakan zo da ƙwaya 28: guda 21 masu launi ɗaya su ne masu aiki, guda 7 na ƙarshe masu wani launi babu sinadarin hana ciki a cikinsu, wasu ma na ƙarin jini ne. A cikin waɗannan kwana 7 ne jini yake zuwa. Idan kati ya ƙare yau, gobe a buɗe sabo, ko jinin ya ɗauke ko bai ɗauke ba. Akwai kuma kati mai ƙwaya 21 kawai. Mai shan irinsa takan huta kwana 7 daidai, a rana ta takwas ta fara sabo. Hutun nan bai kamata ya wuce kwana 7 ba ko da kwana ɗaya, domin daga nan ma'ajiyar ƙwai take fara farkawa. Shi ya sa jinkirin fara sabon kati ya fi mantuwa a tsakiyar kati haɗari, kuma shi ne kuskuren da ya fi yawa a ƙauye: kati ya ƙare ranar Talata, sai ranar kasuwa za a je likita.

Akwai kuma mai sinadari ɗaya, irin Microlut, wadda aka fi sani da ƙwayar masu shayarwa. Ƙwayoyinta duka launi ɗaya ne, duka masu aiki ne, babu hutu tsakanin kati da kati. Ba ta rage nono, kuma mai jego tana iya fara ta. Amma ta fi ƴar uwarta tsanani wajen lokaci, saboda babban aikinta a bakin mahaifa yake, kuma kaurin ruwan nan yana sakin jiki da sauri. Idan aka wuce lokacin shan ta da fiye da awa 3, a ɗauka an yi fashi.

Mai shayar da jariri ɗan ƙasa da wata 6 ba a so ta sha mai sinadari biyu, musamman a makonni 6 na farko. Yanzu ku auna abin da ke faruwa idan amarya mai jego ta aiki yaro wurin mai tire ya ce a ba shi "maganin hutu". Wace irin za a ba shi? Wadda ta zo hannu.

Ƙa'idojin da ya kamata kowace uwa ta haddace

Na farko, farawa. Wadda ta fara a cikin kwana 5 na farkon al'adarta ta samu kariya tun daga ranar. Wadda ta fara a wani lokaci, bayan ta tabbata ba ta da ciki, sai ita da mijinta su yi haƙuri ko su yi amfani da kwaroron roba na kwana 7 idan mai sinadari biyu ce, kwana 2 idan ta masu shayarwa ce. Matar da mijinta ya tafi bida Libiya, Aljeriya ko kudu, ta ajiye ƙwaya saboda ba ya nan, ta san cewa sai ta koma sha mako guda kafin isowarsa. Yanzu babu wanda ke dira gida ba tare da ya kira ta salula ba, don haka ba a rasa sanin ranar.

Na biyu, lokaci. A ɗaura shan ƙwaya da wani abin da ba a mantawa. Shawarata ita ce bayan sallar isha'i. Sallah ba ta wuce musulma, dare yana rage tashin zuciyar da wasu ke ji a farko, kuma idan azumi ya zo ba sai an sauya komai ba. Wadda ta saba sha da hantsi, watan Ramadan yakan rikita ta, ta yi fashin kwanaki tana neman lokacin da ya dace. Mai salula ta sa ƙararrawa. A bi kibiyoyin da ke bayan kati ɗaya bayan ɗaya, kada a riƙa ɓallowa daga inda aka ga dama.

Na uku, mantuwa, domin ɗan Adam ajizi ne. Ga mai sinadari biyu irin wadda aka fi bayarwa a nan: idan an manta ƙwaya ɗaya ko biyu, a sha ɗaya da zarar an tuna, a ci gaba da sauran a lokacinsu, ko da hakan ya sa an sha biyu a rana ɗaya. Kariya tana nan. Idan an manta uku ko fiye a jere, ko an yi jinkirin kwana 3 wajen fara sabon kati, a sha ɗaya nan take, a ci gaba, amma a nemi wata kariya ta kwana 7. Idan fashin nan a mako na uku ya faru, a ƙarasa masu aikin, a zubar da guda 7 na ƙarshe, a shiga sabon kati kai tsaye. Idan kuma an sadu a cikin kwana 5 da suka wuce, a je likita a yi tambaya kan ƙwayar gaggawa, wadda amfaninta ke raguwa da kowace rana da ta wuce. Mantuwa a cikin guda 7 na ƙarshe ba komai ba ce, a yar da wadda aka manta. Ga ta masu shayarwa kuwa, idan an wuce awa 3, a sha nan take, a nemi wata kariya ta kwana 2, musamman idan al'ada ta riga ta dawo.

Na huɗu, amai da zawo. Wadda ta yi amai a cikin awa 2 bayan sha, ƙwayar ba ta shiga jini ba, sai ta sha wata. Idan amai ko zawo mai tsanani ya wuce kwana biyu, a ɗauke shi kamar fashi. A ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da mutane kowace damina, wannan ba ƙaramar ƙa'ida ba ce.

Na biyar, wasu magunguna suna karya ƙarfinta: rifampisin da ake ba masu tarin fuka, da wasu magungunan farfaɗiya irin su fenobarbital, fenitoyin da karbamazefin. Mai shan su ta gaya wa likita a zaɓa mata wata hanya. Na shida, ƙwaya ba ta kare kowa daga sida ko sauran cututtukan saduwa. Kwaroron roba ne ke wannan aiki.

Ba kowace mace ce za ta sha ba

Ba zan yi abin da nake zargin wasu da shi ba, wato faɗin rabin gaskiya. Ƙwaya magani ce, kuma kowane magani yana da waɗanda bai dace da su ba. Mai sinadari biyu tana ɗan ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Abin ba ya faruwa da yawa, kuma ciki da jego sun fi ta jawo shi, amma ga wasu mata haɗarin ya isa a guje mata: mai hawan jini, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko gudajin jini a ƙafa, mai ciwon kai na ɓari guda wanda ke zuwa da walƙiya ko dishi-dishi a ido, mai shan taba da ta kai shekara 35, mai ciwon hanta mai tsanani, mai ciwon suga da ya taɓa jijiyoyinta, da wadda ke da sankarar nono. Duk mai sha da ta ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ganinta ya rikice, ta tafi likita a ranar.

Wa zai auna tansiyon mace kafin ya miƙa mata kati? Ungozomar CSI za ta auna. Mai tire da ke yawo da magani a ka cikin ranar Afrilu ta Maraɗi ko Tawa ba zai auna ba, ba zai tambaye ta ko tana shayarwa ba, ba zai duba ranar lalacewar maganin ba, kuma zafin da ke dafa kansa shi ke dafa maganin. Abin takaici shi ne, tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana cewa magungunan tsarin iyali kyauta ne a gidajen likita na gwamnati, a shekarar da aka kafa dokar lafiyar haihuwa. Mace tana barin na kyauta mai awo ta sayi na kuɗi marar awo, saboda a wurin mai tire babu wanda zai gan ta a layi ya kai labari gida. Mu ne muka mai da layin likita abin kunya.

Akwai kuma ƙananan matsalolin farko: ɗigon jini tsakanin al'ada da al'ada, tashin zuciya, ɗan ciwon kai, nauyin nono. Yawanci sukan lafa cikin wata uku. Ɗigon jinin nan shi ya fi sa mata yar da kati, saboda yana rikita musu sallah. Malaman fiƙihu sun daɗe da bambance jinin haila da jinin ciwo wanda ba ya hana sallah, sai dai mace ta samu malama ko malamin da za ta tambaya ba tare da fargaba ba. Idan da an gaya mata tun farko cewa hakan na iya faruwa kuma zai wuce, da ba ta tsorata ba. Wadda kuwa ta ga ba za ta iya riƙe shan kullum ba, babu dole: akwai allurar wata uku, akwai ashanar da ake sawa a dantse, akwai robar mahaifa.

Masu cewa a yi shiru

Na san abin da za a ce. Za a ce Turawa ne ke so su rage mu. Ni ban zo in gaya wa kowa yawan ƴaƴan da zai haifa ba, wannan tsakaninsa da matarsa da Mahaliccinsa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, a jihohin Maraɗi da Damagaram ma abin ya haura 8, na 2021 kuma ya nuna 6.2. Wanda yake so ya yi gardama kan waɗannan alƙaluma ga fili nan. Tawa maganar ita ce tazara, kuma tazara ba Bature ne ya kawo mana ita ba. Kakanninmu suna da kalmar kunika, kuma ba yabo ba ce. Mace takan tafi goyo gidan iyayenta ta daɗe, a bar ta ta huta, yaro ya yi ƙwari kafin a yi masa ƙane. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu ta shayarwa, kuma littattafan hadisi sun ruwaito cewa sahabbai suna yin azalu a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma shawararta ita ce a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki. Yau zaman goyo ya gajarce, kwana arba'in an dawo ɗaki. Mun yar da tsohuwar hanya, mun ƙi koyon sabuwa, mun bar mace a tsakiya. Mu malamai muna ganin sakamakon a aji: yarinya ƴar shekara 10 da aka cire daga makaranta don ta goyi ƙanenta, saboda uwa tana ɗauke da wani a ciki, wani a hannu yana fama da tamowa.

Za a ce shayarwa ta isa. Tana karewa, amma da sharuɗɗa uku a haɗe: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. A gidajenmu da ake fara ɗura wa jariri ruwa da kunu tun yana ɗan makonni, sharaɗi na biyu yakan karye da wuri.

Za a ce tana hana haihuwa har abada. Da haka ne, da ba mu ji labarin wance da ta yi fashin kwana uku ta ɗauki ciki ba. Ba zai yiwu magani ɗaya ya zama marar ƙarfin da fashin kwana uku ke karya shi, kuma ya zama mai ƙarfin da ke kashe mahaifa har abada ba. Masu yaɗa jita-jita su zaɓi ɗaya. Da zarar an daina sha, jiki yana komawa yadda yake. An kuma tabbatar tana rage haɗarin sankarar mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai, tana rage ciwon mara, tana taimaka wa mai ƙarancin jini saboda jinin da take zubarwa ya ragu.

Sai babbar hujjar, wadda ƴan uwana malamai suka fi so: idan aka yi bayani, yara za su lalace. Ban ce a raba wa ƴan firamare ƙwaya ba, kuma tarbiyya aikinmu ce da ba za mu sauke ba. Amma mu dubi ƙasar da muke ciki. Wancan bincike na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ke zaune a bencin CM2 bana, bayan shekara uku ko huɗu matar aure ce, wataƙila da goyo. Mun yarda ta isa aure, mun yarda ta isa naƙuda, amma mun ce ba ta isa ta san yadda jikinta ke aiki ba. Malamin kwaleji yakan iso babin haihuwa a darasin SVT ya bi ta kansa da gudu kamar mai tsallake wuta, ko ya ce a karanta a gida. Abin da aka ƙi koyarwa a aji da ladabi, WhatsApp da TikTok suna koyar da shi ba ladabi, tare da tallar haɗe-haɗen da babu wanda ya san abin da ke cikinsu.

Abin da ke hannunmu

A ekol normal an koya mana cewa darasin da ɗalibi bai gane dalilinsa ba, haddarsa ba ta daɗewa. Haka ƙwaya take. Ka ce wa mace "sha kullum" ba tare da dalili ba, za ta sha har ranar da ta ga kamar babu buƙata. Ka bayyana mata cewa ƙwan nan barci aka sa shi, kuma fashi yana tashe shi, ba za ta sake tambayar ko ta sha ranar girkin kishiya ba. Bayanin nan ba ya cin minti goma. Kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar uwaye ta AME da kwamitin COGES. Me ya hana darakta ya gayyato ungozomar CSI sau ɗaya a zango, ta zo da kati a hannu, ta zauna da uwaye bayan an tashi yara? Masu koyar da yaƙi da jahilci, me ya hana kwanakin mako da kibiyoyin bayan kati su zama darasin karatu?

Ku kuma maza, iyayen ƴaƴanmu, kada ku ce maganar mata ce. Macen da ke ɓoye kati a ƙarƙashin tukunya ko cikin buhun hatsi, tana jiran ka fita kafin ta sha, ita ce ta fi kowa fashi. Kariyar kwana 7 da na yi ta ambata ba ta yiwuwa sai da yardarka. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, har wasu ƙasashe suka zo suka kwaikwaya. Abin da aka ƙirƙira a gidanmu bai kamata ya zama baƙo a gare mu ba. Malam, raka ta likita, ka ji bayanin da kunnenka, ka zama kai ne mai tuna mata bayan isha'i.

Uwa kuma, ke da kike haɗa wa ƴarki gado da kwanoni da turaren wuta, kika zaunar da ita kika koya mata girki da zama da dangin miji, ƙara mata wannan. Idan ba ki iya bayanin ba, kai ta wurin wadda ta iya. Wadda ta zaɓi ba za ta sha ba, ta ƙi da saninta. Wadda ta zaɓi za ta sha, ta karɓo a likita bayan an auna ta, ta sha kullum a lokaci ɗaya, kuma ta karɓo sabon kati tun na hannunta bai ƙare ba. Allah ya ba matanmu lafiya, ya raya mana zuri'a.